Daga Mararrabar Tsarnawa Zuwa Faransa: Wa Ke Sauko da Ƴan Mata Daga Kan Keke?

Duk wanda ya taɓa zama a mararrabar Tsarnawa da sanyin safiya, inda hanyar Tawa da Agadas ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san abin da ke wucewa ta gabansa. Ga manyan motoci ɗauke da albasar Galmi, ga masu simintin Malbaza, ga motocin fasinja, ga ƴan kabu-kabu suna gudu kamar ana korarsu, ga amalanken shanu da na jakai. A tsakaninsu kuma ga kekuna: dattijo da buhun hatsi a kariya, saurayi da jarkoki huɗu, ɗan makaranta da jakarsa a baya. Amma in mutum ya ce zai ƙirga matan da suka wuce suna tuƙa keke da ƙafafunsu, shayinsa zai huce bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Matan suna nan a kan hanyar, sai dai a ƙasa suke, da tulu ko itace ko tiren talla a ka, ko kuwa an ɗauko su a bayan babur.

Abin mamakin shi ne, a cikin lungunan garin, da na Ƙwanni da Dogarawa da Badagishiri, ƙananan ƴan mata suna koyon keke kamar yadda ƴan uwansu maza suke koyo. Yarinya ƴar shekara takwas takan saci keken babanta, ta zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe, ta faɗi, ta tashi, har ta iya. Daga ranar da ta fara zama budurwa sai a ce ta sauka. Babu dokar ƙasa da ta ce haka, babu alƙalin da ya yanke wannan hukunci, amma ana bin sa fiye da yadda ake bin dokokin da aka rubuta.

A watan Satumba na shekarar 2025 aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko ke nan da aka kawo ta Afirka. Mata sun yi tsere a can a gaban dubban jama'a, kuma da yawa daga cikinsu da wannan sana'a suke ci, suke sha. Tsakanin waɗannan mata da yarinyar da aka sauko da ita daga kan keke a Tsarnawa akwai tafiya mai nisa, kuma ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙasar nan su san inda hanyar ta yanke, domin gyaranta yana hannunsu.

Tseren keke kasuwa ce

Kafin a ce wasan yara ne, a dubi kuɗin da ke cikinsa. A Turai, ɗan tseren keke ma'aikaci ne mai takardar yarjejeniya da albashi. Ƙungiyar da yake yi wa aiki tana ɗauke da sunan kamfanin da ke biyan kuɗi, an rubuta sunan a ƙirjin rigarsa, kuma duk sa'ad da na'urar talabijin ta haska shi, kamfanin ya yi talla ke nan a gaban miliyoyin mutane. Ƴan kallo ba sa biyan ko dala, domin a bakin hanya suke tsayawa. Saboda haka tseren da ba a nuna shi a talabijin ba ya samun mai zuba kuɗi, wanda bai samu mai zuba kuɗi ba kuwa ba ya biyan albashi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba ɗan kokowa kyautar babur a tsakiyar fili don a ambaci sunansa a rediyo ya fahimci wannan lissafi.

Babban tseren duniya shi ne na zagayen Faransa, wanda ake kira Tour de France, an kuma fara shi tun shekarar 1903. Namijin da ya lashe shi a shekarar 2025 ya karɓi Yuro 500,000, wato kusan miliyan 328 na sefa. Macen da ta lashe na mata a wannan shekarar, Bafaranshiya Pauline Ferrand-Prévot, ta karɓi Yuro 50,000, wato kusan miliyan 33. Kashi ɗaya cikin goma ke nan. Wanda ya ji wannan zai ce an zalunci mata, kuma da gaskiyarsa. Amma wanda ya san daga inda aka taso zai gane cewa wannan kashi ɗayan ma da jiɓin goshi aka ƙwato shi.

Shekara ɗari ana buga ƙofa

A shekarar 1924 wata Ba'italiya mai suna Alfonsina Strada ta shiga tseren zagayen Italiya tare da maza, tafiyar da ta haura kilomita 3,600 a kan hanyoyin da yawancinsu ba kwalta. A wani zango ta faɗi, kan kekenta ya karye, aka ɗaura mata sandar tsintsiya a madadinsa, ta ci gaba da tafiya. Ta iso bayan lokacin da aka ƙayyade, aka cire sunanta daga jerin masu neman kyauta, amma aka bar ta ta bi ayari har birnin Milan, alhali maza da yawa sun zube a hanya. Da shekara ta zagayo, sai aka rufe mata ƙofa.

Sai a shekarar 1958 aka fara ba mata damar shiga gasar duniya, sai kuma a 1984 aka sa tserensu cikin wasannin Olamfik, a Los Angeles. A wannan shekarar aka shirya musu nasu zagayen Faransa, wata Ba'amurkiya mai suna Marianne Martin ta lashe shi, aka ba ta dalar Amurka dubu ɗaya, ta raba da abokan tafiyarta. Bayan 1989 masu shirya tseren suka janye hannunsu, suka ce ba riba. Haka aka zauna fiye da shekara talatin. A cikin wannan zamani akwai matan da suka ci gasar duniya amma suna wani aikin da rana don su biya kuɗin haya.

Abubuwa uku suka sauya lamarin, kuma dukansu shawara ce da mutane suka zauna suka yanke. Na farko, a shekarar 2013 wasu mata huɗu, cikinsu da Marianne Vos ta Holan, suka rubuta takardar koke, mutum fiye da dubu casa'in suka sa hannu, aka ba su tseren yini ɗaya a 2014, daga bisani aka dawo da cikakken zagayen mata a 2022. Na biyu, hukumar tseren keke ta duniya ta tilasta wa manyan ƙungiyoyin mata biyan albashi mafi ƙanƙanta tun daga 2020. An fara da Yuro 15,000 a shekara, kusan miliyan goma na sefa, kuma a 2023 ya haura Yuro 30,000. Na uku, aka rubuta hutun haihuwa cikin yarjejeniya, ta yadda ciki ba zai zama takardar kora ba.

Labarin Lizzie Deignan, ƴar Ingila, ya isa misali. Ta haihu a 2018, ta dawo fage, ta kuma lashe tseren Paris zuwa Roubaix a ranar da aka fara ba mata shi, a watan Oktoba na 2021, bayan maza sun shekara 125 suna yin sa su kaɗai. An ba ta Yuro 1,535, wato miliyan ɗaya da ƴan kai na sefa, namijin da ya ci washegari kuwa aka ba shi Yuro 30,000. Jama'a suka yi ca, kunya ta kama masu shiryawa, shekara mai zuwa aka mai da kyautar mata Yuro 20,000. Har yanzu matan da ke ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su samun abin da zai riƙe su, kuma kwanakin tserensu ba su kai na maza ba. Duk da haka an ga abu ɗaya a fili: shekara da shekaru ana cewa ba mai son kallon mata, ranar da aka kunna talabijin a kansu sai ga miliyoyin masu kallo. A 2024 daƙiƙa huɗu tak suka raba ta ɗaya da ta biyu bayan tafiyar kusan kilomita dubu, kuma Faransa duka ta tsaya tana kallo.

Maƙwabta sun riga sun tashi

Mai karatu yana iya cewa wannan labarin Turawa ne. To, a dawo Afirka. A zagayen Faransa na 2025, Kim Le Court ta tsibirin Moris ta ci zango ɗaya, ta kuma sa riga mai ruwan ɗorawa ta jagorar tsere, abin da wata ƴar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin ita. Mosana Debesay ta Eritiriya, ƙasar da ba ta fi Nijar arziki da wani abin a zo a gani ba, ta yi tsere a wasannin Olamfik na Tokiyo. Awa Bamogo ta Burkina Faso ta je na Paris a 2024, kuma wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ba zai yi mamaki ba, domin a can mace a kan keke da goyo a baya da kayan kasuwa a kariya ba abin juyowa a kalla ba ne. Ƙasar da matanta ke hawa keke zuwa kasuwa ita ce ke samun wadda za ta hau shi zuwa gasa.

Daga ƙetaren iyakar Ƙwanni ma akwai darasi, mai daɗi da mai ɗaci a haɗe. Ese Ukpeseraye, ƴar jihar Delta a Najeriya, ta lashe gasar Afirka a birnin Akara a 2023, ta zama mutum na farko, mace ko namiji, da ya wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik. Da ta isa Paris a 2024, aka ba ta gurbin tseren cikin fili a ƙurarren lokaci, ba ta da keken da ya dace da ƙa'ida, sai ƙungiyar Jamus ta ara mata. Ƙasar da ta gina katafaren filin tseren keke a Abuja tun 2003, zakararta da keken aro ta fita gaban duniya. Gini ba ya yin ɗan wasa, kuma wannan gargaɗi ne ga duk ma'aikacin da ke ganin aikin wasanni ya ƙare ranar da aka yanke ƙyalle aka buɗe fili.

Akwai kuma ƴan uwa biyu Musulmi, Fariba da Yulduz Hashimi, daga lardin Faryab na Afganistan. Sun fara tsere a ɓoye, suna rufe fuska don kada a gane su, suka bar ƙasarsu a 2021 lokacin da Taliban suka karɓi mulki, suka sami mafaka a Italiya, suka kuma yi tsere a Paris a 2024. Hanyarsu ta fi ta kowace yarinya a jihar Tawa ƙaya.

Ba kuma za a ce jinin Nijar ba ya gudu ba. Aminatu Seyni ta lashe tseren mita 200 na Afirka a 2022, ta kuma zo ta huɗu a duniya a wannan shekarar. Ƙasar da ta haifi Isaka Dabore, wanda ya kawo lambar tagulla daga Munich a 1972, da Abdurrazaƙ Alfaga, wanda ya kawo ta azurfa daga Riyo a 2016, ba ta rasa ƙwazo ba. Yarinyar da ke taka kilomita biyar da tulu a ka kowace safiya tana da huhu da ƙafafun da masu horarwa a Turai suke nema da fitila.

Inda tsani ya karye

Matsalar Tsarnawa da kewayenta ba ta kai ga maganar albashi ko talabijin ba tukuna. Matakin farko na tsanin ne babu. Ƴar tsere takan fara ne tana da shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, daidai lokacin da ake sauko da yarinya daga kan keke a nan, kuma daidai lokacin da ake fitar da ita daga makaranta. Alƙaluman binciken ƙasa na 2012, waɗanda asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ke kafa hujja da su, sun nuna ƴan mata 76 cikin 100 a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta rage tsawon hanya.

Tsawon hanyar nan shi ne abin da ma'aikatan ilimi suka fi kowa sani. Makarantar firamare tana cikin ƙauye, kwaleji kuwa tana babban gari. Yarinyar da ta gama firamare tana da zaɓi uku: ta taka sa'a guda ko biyu da ƙafa kullum, ko a kai ta riƙo gidan wani a gari inda sau da yawa takan koma ƴar aiki, ko ta zauna gida ta jira miji. Uban da ya zaɓi na uku ba lallai ne maƙiyin boko ba ne, sau da yawa tsoron hanya ne da tsoron gidan riƙo. Ɗan uwanta namiji kuwa an saya masa tsohon keke, tafiyar sa'a biyu ta koma ta rabin sa'a.

An gwada maganin wannan a wani wuri, an kuma auna sakamakonsa. A jihar Bihar ta Indiya, wadda ke cikin mafi talauci a ƙasar, gwamnati ta fara ba kowace yarinya da ta shiga sakandare kuɗin sayen keke a shekarar 2006. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka bi diddigin shirin, suka gano cewa shigar ƴan mata sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40 cikin 100. Wani abin lura shi ne, da yake dukan ƴan matan ƙauye aka ba a lokaci ɗaya, sai suka riƙa tafiya ayari guda, kuma ba wanda ya iya nuna ƴar wani da yatsa, domin tasa ƴar ma tana cikin ayarin. Abin da ake kira abin kunya in mutum ɗaya ya yi shi, yakan zama al'ada in mutum hamsin suka yi shi tare.

Abin da masu ƙi suke cewa

Masu ƙin wannan magana ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Suna cewa sutura. Gaskiya ne, kayan da matan Turai ke sawa a tsere ba za su karɓu a Ƙwanni ba, kuma ba wanda ya ce a kawo su. Wando mai faɗi da doguwar riga da ɗan kwali ko hijabi sun isa, kuma akwai keken da aka ƙera ba tare da ƙarfen sama ba, don mai zane ko doguwar riga ta hau ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Macen da ke zaune a kan sirdin kekenta ita kaɗai ta fi suturtuwa bisa wadda ta rungume bayan ɗan kabu-kabun da ba ta sani ba, alhali wannan na biyun ana ganin sa kullum ba mai ɗaga murya.

Suna cewa addini. Malamai ne ke da wannan fage, amma abin da kowane almajiri ya sani shi ne Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren ƙafa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sau biyu, ta tsere masa a karon farko. Matan wancan zamani sun hau raƙuma. Kuma ƙasa da kilomita ɗari daga Ƙwanni, a Sakkwato da Wurno, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƴan taru, ta naɗa jajis, ta sa musu malfa, suna bin ƙauyuka da ƙafa suna kai wa mata karatu. Fitar mace a kan hanya don neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Da jajin nan ta sami keke, da ƙauyukan da take kaiwa sun ninka.

Suna raɗa wata magana kuma, wadda ba a faɗi a zaure: wai keke yana ɓata ƴa mace, ya kunyata ta a ɗakin miji, ko ya hana ta haihuwa. An yi irin wannan raɗa a Turai shekara ɗari da suka wuce, har da likitocin wancan zamani, kuma zamani ya ƙaryata su. Matan Wagadugu suna haihuwa, matan Holan suna haihuwa, zakarar Roubaix ma uwa ce. Ungozomomi da ma'aikatan likita su ne ya kamata su faɗi wannan a fili, a taron awon ciki da a rediyon gari.

Suna cewa haɗari. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin wanda ya ga yadda manyan motoci ke shan kwana a Tsarnawa ba zai so ƴarsa a gefen kwaltar nan ba, kuma zancen tsaro a bakin iyaka ba wasa ba ne. Amma haɗarin mota bai san namiji ko mace ba, kuma ba a taɓa hana yara maza keke saboda shi ba. Maganinsa tudun rage gudu a ƙofar makarantu, da tafiya cikin ayari, da jandarman da ke tsayawa a mararraba lokacin tashi daga makaranta.

Suna cewa, a ƙarshe, ƙasar da ke fama da tsadar hatsi ba ta da lokacin tseren keke. Da haka ne da an daina kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, ba a rasa kuɗin kokowa ba, domin gwamnati da attajirai sun ɗauke ta abin alfahari. Kuɗin da ake liƙa wa ƴan kokowa a yammaci ɗaya zai sayi kekunan aji guda.

Aikin da ke jiran mai yi

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka cika titunan Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ba su koma gida ba sai da aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. Daga nan aka sami dokar kaso ta shekarar 2000, wadda ta ware kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Wannan tarihi ya koyar da abin da tarihin tseren keke ya koyar: wurin mace ba ya buɗuwa da kansa, sai an rubuta shi da lamba an sa hannu. Sai dai yawancin shekaru bikin 13 ga Mayu yakan ƙare ne a atamfar anko da jawabai, yarinyar ƙauye ba ta san an yi ba.

Ga abin da za a iya yi ba tare da an jira Yamai ko wata ƙungiyar ƙetare ba. Hukumomin ƙananan garuruwan Ƙwanni da Malbaza da Illela su ƙirga ƴan matan kwaleji da gidajensu suka wuce kilomita uku daga makaranta. A saya musu kekuna masu ƙwari irin na ɗaukar kaya, a rubuta su da sunan makaranta, kwamitin iyayen yara ya riƙe littafinsu, don kada yaya ko kawu ya ƙwace ya tafi kasuwa da shi. A yi yarjejeniya da mai faci ɗaya a kowane gari, a ajiye masa taya da sarƙa da birki, domin keken da ya lalace bai sami gyara ba ya zama ƙarfen banza cikin wata uku.

Ranar 13 ga Mayu kuma, a rufe hanya na sa'a guda da sassafe, a yi tseren ƴan matan makaranta daga Tsarnawa zuwa Ƙwanni, kilomita goma sha biyar ko kusa da haka, cikin suturarsu, iyayensu mata suna bakin hanya, malamai mata suna alƙalanci. In an yi na maza a ranar, kyautar ta zama daidai, kada a maimaita kuskuren da Turawa suka shekara ɗari suna gyarawa. Dillalan albasa da masu motocin haya da kamfanin siminti da kamfanonin wayar salula su sa sunansu a rigunan yaran, rediyon gari ya ambace su, kowa ya ci ribarsa. Tarayyar tseren keke ta ƙasa ta aiko mai agogo ya rubuta lokacin kowace yarinya, ta kuma ware wa mata kaso sananne cikin kasafinta da kujera cikin kwamitinta, yadda za a iya tambayarta lissafi a ƙarshen shekara.

Ba wanda zai yi alkawarin cewa a cikin yaran nan akwai wadda za ta sa riga mai ruwan ɗorawa a Faransa. Cikin dubu, wataƙila ɗaya ce za ta kai gasar Afirka. Amma sauran ɗari tara da casa'in da tara za su isa aji kafin a buga ƙararrawa, su dawo gida kafin magariba, kuma daga cikinsu za a sami ungozomar da likitar Galmi ke nema, da malamar da ƙauyensu ya rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ke son ganin tutarta a bayan wata ƴa tata a Kigali ko Paris, sai ta fara da barin yarinyar Tsarnawa a kan keken da ta riga ta koya da kanta.